Geron Nasidi a Hanyar Damara

Nasidi ya dawo Bangui a ƙarshen shekarar 1954, bayan shekara takwas yana aikin sojan Faransa, ukun ƙarshe a yaƙin Indoshin. Ya sauka a gidansu da ke unguwar Kilomita Biyar da akwatin ƙarfe ɗaya. Wansa Lado, mai kantin yadi da gishiri a Titin Koudoukou, ya sa kafinta ya yi masa kujera, ya ajiye ta kusa da tasa.

"Ga wurinka," in ji Lado. "Ka sha yawo. Yanzu sai ka zauna."

Zaman ne ya gagara. Idan Nasidi ya zauna, kafin mai saye ya gama gaisuwa ya miƙe. Ya jera turamen yadi, ya sake jera su, ya leƙa waje ya ga motar da ta wuce. Daga nan sai ya ce bari ya ɗan taka, ya tafi har unguwar Miskine ya dawo. Kafin azahar ya yi haka sau biyu.

"Kujerar nan ƙaya gare ta?" Lado ya tambaye shi wata rana.

"Ƙafata ce ke tsami, Yaya."

"Tawa shekara ashirin tana nan, ba ta yi tsami ba."

A gida ma haka. Matarsa Hureira ta lura ko tuwo a tsaye yake ci. A wani hutu da ya zo aka ɗaura musu aure, kuma duk zaman da suka yi tare tun daga lokacin bai kai wata biyar ba. 'Yarsu Sa'adatu ta shekara shida, ba ta saba da shi ba tukuna. Idan ya yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Sango, yaren garin, ta ruga bayan uwarta.

Ana cikin haka labari ya bazu a unguwa cewa a bariki ana sake ɗaukar tsofaffin sojoji, za a kai su Aljeriya. Hureira a bakin rijiya ta ji. Ta kuma ji cewa duk inda ake wannan zancen, nan ne kawai mijinta yake tsayawa ya saurara har a gama. Tun daga ranar hankalinta bai kwanta ba.

A farkon sabuwar shekara wani mutum ya jingine kekensa a ƙofar kanti ya tambayi Nasidi. Sunansa Kaporal Yambele, ɗan ƙabilar Banda, wanda ya yi yaƙin hamada tun Nasidi yana yaro. Yanzu shi ne malamin gona na ofishin tsofaffin sojoji. Yana jin Hausa daidai gwargwado, inda ta ƙare masa sai ya cika da Sango. Ya ce ana ba tsofaffin sojoji fili a hanyar Damara, kilomita talatin daga gari, tare da gatari da adda da fartanya da iri. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun karɓa, akwai sauran wuri.

Lado ya yi dariya. "Kaporal, gidan nan tun kakanmu ba wanda ya taɓa riƙe fartanya, sai dai in zai miƙa wa mai saye."

"Yaushe zan ga filin?" in ji Nasidi.

Da ya kai maganar gida, Hureira ba ta bari ya ƙarasa ba. "Ka karɓa, Baban Sa'adatu. Kilomita talatin ai nan kusa ne."

Abin da sauran sojojin suka sassabe a wata biyu, Nasidi ya gama shi a mako biyar. Ya kafa bukka a gefen filin, a can yake kwana. Ran Alhamis da yamma yakan hau motar itace ya zo gida don ya samu Juma'a a Masallacin Koudoukou. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta, amma yana zama ya ci abinci har ya nemi ƙari. Hureira ta fara sakin jiki.

Sai maganar abin da za a shuka ta taso. Yambele ya raba wa kowa irin masara da gyaɗa da itacen rogo. Da Nasidi ya faɗa wa mahaifiyarsa, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Inna Amariya daga Damagaram aka kawo ta Bangui tana amarya shekara arba'in da suka wuce, sunan ya bi ta har tsufa. Geron da take samu daga Fort-Lamy ta ƙasar Cadi ake kawo shi a manyan motoci, kafin ya iso rabinsa ƙwari sun cinye.

"Rogo!" in ji ta. "Duk garin nan rogo, kai ma rogo? Allah ya ba ɗana gona, in mutu ban sha furar sabon gero ba?"

Ta aika aka kira wanta, Kawu Mahaman, mai sayar da goro a bakin masallaci. A duk danginsu shi kaɗai ya taɓa noma, yana saurayi, kafin ya bar Damagaram. Tsohon ya zo da murna, ya zauna a tabarma ya koya wa Nasidi yadda mahaifinsa ya koya masa. Idan ruwan farko ya sauka, a tona ƙasa. In laima ta kai tsawon tafin hannu, washegari da sassafe a fita shuka. Mutum ɗaya yana sara rami da sungumi, na biyu yana jefa iri yana rufewa da diddige.

"Kada ka ƙara kwana," in ji Kawu Mahaman. "Na ga mutumin da ya jinkirta mako ɗaya, shekarar nan sai da ya ci ganye."

Gaskiya tsohon ya faɗa. Haka ake yi a Damagaram, kuma duk wanda ya saɓa a can yana shan wuya.

Nasidi ya kai wa Yambele zancen. Kaporal ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ita, gero zai iya yi a nan." Ita shi ne ɗan'uwa da Sango, haka yake kiran duk sojojinsa. "Amma ba yanzu ba. Ka sa masara tukuna. Gero sai ƙarshen Agusta."

"Agusta? Wata biyar ke nan."

"Wata biyar da 'yan kwanaki."

Nasidi bai tsaya ya tambayi dalili ba, wata biyar ɗin ne ya cika masa kunne. Da ya maimaita wa kawunsa, tsohon ya taɓe baki ya ce, "Shi wannan kaporal ɗin naka ya taɓa shan fura kuwa?"

Ruwan farko ya sauka a tsakiyar Maris, ranar kuwa Yambele yana Bangui wajen karɓo kayan aiki. Kawu Mahaman ya rufe faifan goronsa ya bi motar itace zuwa gona. Cikin kwana uku shi da Nasidi suka shuke filin kaf da gero, ba su bar ko kusurwa ɗaya ba. Da Yambele ya dawo, ya tsaya a bakin gonar ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba.

"Ina fata ni ne na yi kuskure," abin da ya ce ke nan, ya tura kekensa ya wuce.

Da farko sai aka ga kamar shi ne ya yi kuskuren. Gero ya fito, ya yi kore shar, ya miƙe da sauri irin wanda Kawu Mahaman bai taɓa gani ba. A watan Mayu kara ya fi tsawon mutum da hannunsa a sama. Tsohon ya tsinko ɗaya ya kawo gari, bayan sallar Juma'a ya tsaya da shi a bakin masallaci mutane suna aunawa da tsayinsu. Abdulgani tela ya raɗa wa Nasidi suna Sarkin Noma, sunan ya kama bakin kowa. Inna Amariya ta sa aka gyara mata tsohon turminta. Lado ma ya fara ce wa masu saye, "Ƙanena ne ai, mai gonar gero."

Zangarniya ta fito a watan Yuni, ƙwaya ta fara cika. Ruwa kuwa bai tsaya ba. Ya sauka yau, ya sauka jibi, wani lokaci kwana uku a jere. Geron ya nuna yana jiƙe, kuma ba a samu ranar da za ta busar da shi ba. Da farko zangarniyar ta yi fumfuna, sannan ta yi baƙi. Wata safiya Nasidi ya kamo ɗaya ya duba, ya ga ƙwayoyin sun tsiro a jikinta tun tana kan kara, ƙananan kore kamar gashi.

Ya ɗauki wuƙa ya shiga yanka. Kwana biyu yana yi cikin ruwa, ya loda abin da ya samu a motar itace ya kawo Kilomita Biyar. Hureira ta shanya a tsakar gida, hadari ya taso, suka kwashe da gudu. Ta sake shanyawa, aka sake kwashewa. Suka baza shi a ɗakuna, suka hura wuta a ƙarƙashin wani don hayaƙi ya busar da shi. A kwana na huɗu gidan duka ya ɗauki wari mai tsami. Inna Amariya ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu, abin da ya fito baƙin caɓi ne. Ta goge hannunta a gefen zane ta shige ɗaki. Kawu Mahaman kuwa kwana biyar bai fito da faifan goro ba.

Nasidi bai koma gona ba. Ya koma yawonsa, yanzu ma ya fi na da. Ya je Miskine, ya zarce bakin kogi, ya dawo, ya sake fita. Ba ya bi ta gaban shagon Abdulgani, amma wata rana suka yi kiciɓis a titi.

"Sarkin Noma! Ina furarmu? Na riga na sayi nono fa."

Da wasa telan ya faɗa, mutane suka yi dariya. Nasidi ma ya yi murmushi, ya wuce. Ran Alhamis ya je bariki, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Aka ce ya dawo ran Litinin ya sa hannu.

Bayan la'asar ya faɗa wa Hureira, tana tsintar shinkafa a ƙofar madafi.

"Shekara nawa?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Huɗu."

"Sa'adatu za ta kai goma ke nan. Jiya-jiyan nan ta fara ce maka Baba ba a sa ta ba."

"Abu ɗaya na iya, Hureira. Kanti ya gagare ni, gona ta gagare ni. A can in an ce tashi, ka tashi, in an ce tafi, ka tafi. Ba mai cewa ka zauna ka jira."

"Kaporal me ya ce?"

"Me zai ce? Ya faɗa tun farko ban ji ba. Da wane ido zan kalle shi?"

Hureira ba ta yi kuka ba. Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta tafi gidan Kawu Mahaman. Ta same shi a zaure yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da za a yi ran Litinin.

"Kawu, ni ban san noma ba. Amma mutumin nan ya ce Agusta, kuma ba wanda ya tambaye shi me ya sa. Na ji ran Asabar yana sauka wajen 'yar'uwarsa a Miskine. Ina roƙo ka je ka taho da shi."

Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa. Kunya ce ta riƙe shi, ita ma ta sani. A ƙarshe ya ce, "Tashi ki je gida, 'yata. Zan je."

Ran Asabar da yamma suka haɗu a rumfar tsakar gida: Yambele, Kawu Mahaman da Lado a kan tabarma, Inna Amariya a bakin ƙofarta, Hureira daga cikin madafi. Nasidi ya gaisa da baƙon ya ƙi zama, yana kai da kawo tsakanin rumfa da zaure.

Yambele bai fara da shi ba. Ya juya wajen tsohon. "Baba, a ƙasarku ruwa wata nawa yake yi?"

"Uku. In shekara ta yi kyau, huɗu."

"Gero kwana nawa yake nuna?"

"Tis'in, ko sama da haka kaɗan."

"To idan ya nuna, me ke sama?"

"Rana mana," in ji Kawu Mahaman. "Ruwa ya ɗauke, sai..." Ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar. "A nan wata nawa?"

"Tara. Sai ƙarshen Nuwamba yake ɗaukewa."

Tsohon ya lissafa da yatsu, daga Nuwamba ya yi baya: Oktoba, Satumba, Agusta. Ya kira Nasidi, wanda ya tsaya a bakin zaure.

"Zo ka ji. Mu a can sauri muke yi kada ruwa ya ƙare gero bai nuna ba, shi ya sa muke shuka da ruwan farko. Nan ruwa ba ya ƙarewa da wuri. Daga ƙarshensa ake lissafi a yi baya. Shekara arba'in ina garin nan ruwa yana dukana, ban taɓa ƙirga watanninsa ba, don goro ba ruwansa da wannan. Laifina ne, ɗana. Na koya maka noman Damagaram a inda ba Damagaram ba."

"Ni ma ya kamata in yi maka bayani a lokacin," in ji Yambele. "Na ba ka oda kamar muna bariki."

"Yau ashirin da uku ga Yuli," in ji Nasidi. "Saura mako biyar. In na jira, ya sake ruɓewa fa?"

"Zai iya. Wata shekarar ruwa yana zarcewa har Disamba. Ga tsuntsaye kuma, za su gane gonarka. Ba zan yi maka alkawari ba, ita. Shi ya sa wannan karon rabi gero, rabi gyaɗa da rogo."

Inna Amariya ta yi gyaran murya ta kawar da kai.

"Mako biyar ɗin ina me?" Nasidi ya ɗaga murya. "In zauna a kanti ina kallon titi?"

"Kai ma dai," in ji Lado. "Wa ke son ka a kanti? Duk ranar da ka jera min kaya sai na kwana biyu ina neman farin yadi."

Yambele ya yi dariya. "Wa ya ce zama? Karan da ya ruɓe yana nan tsaye, sai an tumɓuke shi an ƙone. Sha'aibu, maƙwabcinka mai ƙafa ɗaya, masararsa ta nuna ba mai taya shi karya. Ba ka da rumbu. Mu goma sha biyu ba mu da rijiya, daga rafi muke ɗiba. Mako biyar ma ba zai isa ba."

Sai Hureira ta yi magana daga ƙofar madafi. Ba ta saba sa baki a zaman maza ba. "A ƙara da ɗaki. Ni da Sa'adatu za mu koma can."

Lado ya waiga. "Ke? Ke da ba ki taɓa wuce Kilomita Goma Sha Biyu ba? Can ba kasuwa, ba maƙwabta, sai sauro."

"Na sani, Yaya. Shekara bakwai na yi jira a gidan nan, ban san inda yake ba. In jira ne kuma, gara in yi shi inda zan riƙa ganinsa."

Kowa ya kalli Nasidi. Ya sa takalmi ya fita, suna jin takunsa har ya bar layin. Yambele ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi sallama. Ran Lahadi ma Nasidi a titi ya wuni. Abdulgani ya ce ya gan shi ya wuce sau huɗu, ya kira shi don ya ba shi haƙuri, bai ji ba.

Ran Litinin Nasidi ya dawo daga sallar asuba ya tarar Hureira tana hura wuta. Ya tsaya a kanta, ya je ƙofa, ya dawo.

"Ɗaki ɗaya ko biyu?"

Ta ci gaba da fifita wutar don kada ya ga fuskarta. "Ɗaya, da ɗan madafi."

"Shuka ɗaya zan ƙara gwadawa. In ta ƙi, kin san sauran."

"Na sani."

Ya ɗauki gatarinsa da adda ya fita neman motar itace. Bai je bariki ba.

Bayan mako biyu Lado ya samo sabon iri daga wata mota da ta iso daga Fort-Lamy, ya tsince mai kyau da hannunsa. Ranar da Hureira ta tare a gona da ita aka kawo buhun. Ba ta kai shi sabon ɗakinta ba. Ta sa direba ya sauke shi a gidan Yambele, ta roƙi Kaporal ya kulle shi a ɗakin ajiyarsa har lokacin shuka ya yi.

Nasidi ya ƙone kara, ya karya masarar Sha'aibu, ya ɗaure rumbu, ya shiga ramin rijiya da sauran sojoji. Duk da haka kowace safiya, kafin ya fara komai, sai ya taka har ƙofar Yambele.

"Kaporal, yau?"

"Ba yau ba, ita."

"Ƙasa fa ta jiƙe."

"Tun Maris take jiƙe. Je ka haƙa rijiya."

Ran ashirin da takwas ga Agusta Nasidi ya zo, kafin ma ya tambaya, ya ga buhun a waje, jingine da bango. Ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi gona da sauri har Yambele yana kiransa ya rage gudu. Hureira tana jiransa a bakin filin da ƙwarya a hannu. Ba ta taɓa shuka ba, sai da ya nuna mata sau biyu yawan irin da za ta jefa da yadda za ta rufe da diddige. Sannan ya ɗauki sungumi ya shiga gaba, tana binsa a baya tana cewa ya dakata, ya yi mata nisa.